Yadda Ake Tattara Amsar Waɗanda Aka Gayyata Biki Domin Sanin Adadin Masu Zuwa

A Gombe, kamar sauran garuruwan Arewa, katin biki yakan fito ɗauke da lambobin waya biyu ko uku a ƙasansa, amma da wuya a samu wanda zai kira domin ya ce zai zo ko ba zai samu zuwa ba. Yawancin masu kiran kwatancen wuri suke nema, shi ma sai ranar taron. Wannan bai dami kowa ba a lokacin da ake yin dukkan sha'anin biki a gida, domin in jama'a ta yi yawa sai a aro tabarmi a maƙwabta, a ƙara ɗora tukunya. Yanzu kuwa da ake kama ɗakin taro mai ƙayyadaddun kujeru, ake biyan mai girki bisa yawan faranti, ake kama wa baƙi ɗakuna a otal, rashin sanin adadin masu zuwa yakan sa abinci ya ƙare alhali surukai ba su ci ba, ko kuma a biya kuɗin kujerun da babu wanda ya zauna a kansu. Amsar gayyata a wurinmu ba ta zuwa da kanta, sai an bi ta, kuma bin nata yana da tsari da ladabi.

Raba tarukan gida biyu

Kafin a rubuta sunan kowa, a zauna a tantance tarukan da ke buƙatar amsa da waɗanda ba sa buƙata. Ɗaurin aure, ko a masallacin Juma'a za a yi ko a ƙofar gidan waliyyi, taro ne na kowa da kowa, kuma babu mai hankalin da zai tambayi mutum ko zai halarta domin a ware masa wuri. Haka wunin biki na mata a cikin gida da walimar da ake yi a ƙofar gida bayan an shafa fatiha. Waɗannan kintace ake yi musu, ana duba yawan dangi da girman unguwa da abin da aka gani a bikin da aka yi a gidan a baya, sannan a dafa da yalwa. Bai kamata ma a taƙaita su ba, domin ya tabbata a hadisin Abu Huraira cewa mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake gayyatar mawadata a bar matalauta.

Wuraren da ake buƙatar amsa ta haƙiƙa su ne waɗanda kowane mutum guda yake da kuɗin da aka biya dominsa. Liyafar dare da ake kira dina tana ciki, haka kamu idan a ɗakin taro za a yi shi, sai masaukin baƙin nesa, sai kujerun mota idan ayarin ɗaurin aure ko na kai amarya zai bar gari. Duk abin da ke biye a kan waɗannan yake magana.

Jerin sunaye guda ɗaya, kuma kawuna ake ƙirgawa

Mafi yawan rikicin da ake samu a ƙofar ɗakin taro daga nan yake farawa, domin uwar amarya ta gayyaci nata, uwar ango ta gayyaci nata, ango da amarya kowa ya tura wa abokan makaranta da na aiki, babu wanda ya san abin da ɗan uwansa ya yi. Maganin wannan shi ne a fara da adadin kujeru, a raba shi kaso-kaso tun kafin kati ya fita. A misali, idan ɗakin yana ɗaukar mutum 300, a cire 30 a ajiye domin teburin manyan baƙi da waɗanda za su zo ba zato. Sauran 270 sai a ba dangin amarya 100, dangin ango 100, ango da abokansa 35, amarya da ƙawayenta 35. Rabon yana iya bambanta gwargwadon wanda ya ɗauki nauyin taron, amma dole a faɗe shi a fili a gaban wakilan gidajen biyu, saboda kada daga baya wani ɓangare ya ji an tauye shi.

Kowane ɓangare zai kawo sunayensa a haɗa a wuri guda, ko a babban littafi mai layi ko a Google Sheets idan masu riƙewar sun saba da shi. Amfanin na biyun shi ne mutum huɗu suna iya gyara shi a lokaci guda daga wayoyinsu, kowa yana ganin abin da aka canza. A gaban kowane suna a rubuta lambar waya, garin da mutum yake, ɓangaren da ya gayyace shi, taron da aka gayyace shi, adadin mutanen da gayyatar ta ƙunsa, sannan a bar fili biyu, ɗaya na amsa ɗaya na bayani. Filin adadin mutane shi ne mafi muhimmanci. Katin da aka rubuta wa "Alhaji wane da iyalansa" kati ɗaya ne a hannun mai rabawa, amma a gidan da ke da mata uku da 'yan mata da suka tasa yana iya zama kujeru takwas. Saboda haka a yanke tun yanzu ko mutum nawa ake nufi daga kowane gida, kuma idan an gayyaci uwargida a gayyaci abokan zamanta, ko kuwa a bar su duka a wunin gida, domin zaɓen ɗaya a bar saura yana barin tabon da yakan daɗe bai warke ba.

A rubuta jeri na biyu na mutanen da ake so su zo amma kujeru ba su kai gare su ba. Wannan jerin sirri ne tsakanin masu tsara bikin.

Masu karɓar amsa

Ango da amarya ba su dace da wannan aiki ba, domin a makonnin ƙarshe hankalinsu yana kan ɗinki da kayan ɗaki da jere, kuma mutane suna jin nauyin ce musu ba za su zo ba. A zaɓi mutum biyu daga kowane ɓangare, namiji domin maza, mace domin mata. Babban abokin ango yakan iya riƙe na abokai, amma na dangi ya fi dacewa da wata yaya ko goggo da ta san kowa, ta san wanda ke fushi da wane, ta san kuma yadda ake magana da tsofaffi, har da Fulatanci idan akwai dangin da suka fi sakewa da shi, kamar yadda ake samu a gidaje da yawa na Gombe da Dukku da Nafada. Lambobin waɗannan mutane ne za a sa a kati, kuma a tabbatar sun amince kafin a buga, a ba su kuɗin katin waya da data, a kuma ajiye lokaci guda kowane dare da za su shigar da amsoshin da suka samu a ranar.

Lafazin gayyata da lokacin fitar da ita

Gayyatar taron da ke da ƙayyadaddun kujeru ta fita makonni huɗu kafin biki, ta baƙin nesa kuma makonni shida. Idan bikin ya faɗo a Rajab ko Sha'aban, lokacin da kowa ke son a ɗaura kafin azumi, ko bayan Sallah, ko a watan Disamba, a ƙara mako guda, domin a irin waɗannan lokuta mutum ɗaya yakan tara katin biki uku ko huɗu na Asabar guda, kuma wanda ya riga sanar da shi ne zai samu.

A cikin saƙon a faɗi ranar da ake son amsa, kwana goma kafin taron, a faɗi dalili, kuma a sauƙaƙa wa mutum hanyar cewa ba zai zo ba. Ana iya rubuta shi kamar haka: "Assalamu alaikum. Iyalan gidajen biyu suna farin cikin gayyatarki liyafar auren 'ya'yansu ranar Asabar da ƙarfe 7 na dare. An ware miki kujera biyu. Saboda wurin yana da ƙayyadaddun kujeru, muna roƙon ki sanar da mu kafin ranar Laraba ta makon da ya gabaci makon bikin ko za ki samu zuwa. Idan uzuri ya hana, addu'arki ta wadatar da mu." Jimlar ƙarshe tana da aiki babba, domin ita ce ke cire wa mutum kunyar bayar da uzuri.

Wannan saƙo na sa'anni ne da abokai da ƙanne. Kawunnai da baffanni da goggonni da surukan gida da malamai da mai unguwa ba a tura musu kati ta waya kawai, zuwa ake yi da kati da goro ko alewa, a durƙusa a gaida su, domin zumunci a ƙafa yake. Su kuma ba a ce musu su ba da amsa kafin rana kaza. Ɗan aiken zai ce, "Baffa, an ce in shaida muku za a yi liyafa da dare bayan ɗaurin aure, in kuna da sha'awar zuwa a turo mota ta ɗauke ku." Daga abin da dattijo ya mayar za a gane matsayinsa, kuma da yawansu za su ce ɗaurin auren ya ishe su, a bar wa yara na dare.

Aiki da WhatsApp ba tare da hayaniya ba

Hanya mafi tsabta ita ce tura wa kowa saƙonsa shi kaɗai, da sunansa. Akwai hanyar tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa a lokaci guda, wadda ke ɗaukar har lamba 256, amma saƙon yana isa ne kawai ga wanda ya adana lambar mai turawa a wayarsa, saboda haka kada a ɗauka duk wanda ke jerin ya gani. Zauren WhatsApp yana da amfani ga ƙawaye da abokai da masu anko, kuma ana iya buɗe ƙuri'a a cikinsa mai zaɓi uku: zan zo, ba zan samu zuwa ba, ban tabbatar ba tukuna. Sai dai a tuna cewa kowa a zaure yana ganin lambar kowa, don haka ba a jefa matan aure ko manya a ciki ba tare da izininsu ba, kuma a rufe shi yadda masu kula da shi kaɗai ke iya rubutu, in ba haka ba sanarwar za ta nitse a ƙarƙashin addu'o'i da hotunan atamfa. Katin liyafa kuma kada a ɗora shi a Facebook ko a fuskar WhatsApp inda kowa ke gani, domin duk wanda ya gan shi yana iya ɗauka da shi ake. Katin ɗaurin aure shi ne na yaɗawa.

Karanta amsa

Wannan ne wurin da ya fi buƙatar natsuwa, domin kunya da kara ba sa barin yawancinmu mu ce wa mai gayyata "ba zan zo ba" kai tsaye, musamman da yake amsa gayyata yana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan uwansa. Mai karɓar amsa da ya rubuta duk wanda ya ce "in sha Allahu" a cikin masu zuwa zai cika littafinsa da sunayen da ba zai gani ba.

Wanda ya rubuto "Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya" bai ba da amsa ba, addu'a ya yi, kuma a bar filinsa babu komai har sai an sake tuntuɓarsa. "Allah ya kai mu" da "Allah ya nuna mana lokacin" su ma haka suke. Wanda ya ce "in sha Allahu zan yi ƙoƙari" ko "zan duba in gani" yawanci ya riga ya hango abin da zai hana shi, a sa shi cikin marasa tabbas. Alamar mai zuwa da gaske ita ce tambayar da ta shafi zuwan: ƙarfe nawa za a fara, a wace unguwa wurin yake, akwai anko, zan iya kwana a gida, wa zai dawo da mu. Macen da ta biya kuɗin anko ta kai ɗinki ta riga ta ba da amsa ko da ba ta rubuto komai ba, shi ya sa yana da kyau mai sayar da anko ta riƙa ba mai riƙe da jeri sunayen waɗanda suka karɓa. Wanda kuma ya turo gudummawa da wuri tare da doguwar addu'a, musamman idan yana Abuja ko Legas ko ƙasar waje, sau da yawa uzurinsa ne yake bayarwa cikin mutunci.

Akwai amsar da ba a hannun mai ita take ba. Matar aure tana iya cewa za ta zo da zuciya ɗaya, amma fitar dare sai da izinin maigida, ma'aikacin asibiti kuma bai san ko aikin dare zai faɗo masa ba. Irin waɗannan a rubuta dalilin a filin bayani, a sake tambayarsu a kusa da lokaci. Idan maigidan na kusa ne, ya fi kyau uban ango ko na amarya ya gayyace shi da kansa, ya nemi alfarmar a bar iyali su zo.

Bibiya

Washegarin ranar da aka ajiye domin amsa, a kira duk wanda filinsa yake babu komai ko yake cikin marasa tabbas. Kira ya fi rubutu, domin murya tana bayyana abin da rubutu ke ɓoyewa. A fara da gaisuwa cikakkiya, a tambayi gida da yara, sannan a ce, "Adda, mai girki ce ta matsa mana a ba ta lissafi gobe, shi ne na ce bari in ji ko in bar miki kujerarki, in kuma akwai uzuri wallahi babu komai." Jingina tambayar ga mai girki ko masu ɗakin taro gaskiya ce, kuma tana sa mutum ya ji ba ƙorafi ake yi masa ba. Wanda ya ba da uzuri a yi masa godiya, kada a ce "haba, ai kuwa ba za mu ji daɗi ba", domin wannan kalmar ce ke sa ya janye uzurin da baki alhali ba zai zo ba. Kira biyu ya isa. Wanda bai ɗaga ba bai kuma kira ba, a bar shi.

A wannan kiran ne ake jin "zan zo da ƙanwata" ko "ƙawata ta ce za ta raka ni". A yanke hukunci ɗaya tun farko, kowa ya bi shi, domin idan aka amince wa wata aka hana wata labari zai zaga. Neman izini ga wanda ba a gayyata ba yana da asali a sunna. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wani sahabi mai suna Abu Shu'aibu ya gayyaci Manzon Allah (SAW) cin abincin da aka shirya wa mutum biyar, sai wani ya biyo su, da suka isa sai Annabi ya shaida wa mai gidan cewa wannan ya biyo su, in ya so ya yi masa izini, in ya so ya koma, mai gidan kuma ya yi masa izini. Don haka babu rashin mutunci idan aka ce, "Kujerun dare a ƙirge suke, amma ki zo da ita wuni, za mu ji daɗi." Maganar yara ma a nan ake warware ta. Idan ba a son zuwa da su liyafa a faɗa wa kowa, amma mai goyo da jaririnta ba a raba su.

Mayar da amsoshi zuwa lissafi

Mu koma kan misalin kujeru 270. A ce bayan bibiya mutum 180 sun tabbatar, 30 sun ba da uzuri, 40 ba su da tabbas, 20 kuma shiru. Shawarata ita ce a ƙirga duk masu tabbaci, a ƙara rabin marasa tabbas, wato 20, a cikin masu shiru kuma a ƙirga na kusa da ke zaune a gari kaɗai, a ce mutum 5. Jimla ta zama 205. A ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda 'yan rakiya da ba za a rasa ba, ya zama kamar 225, sannan a haɗa da kujeru 30 da aka ajiye tun farko, ya zama 255. Ragowar kujeru 45 ke nan, kuma a nan ne za a ɗauko jeri na biyu a gayyaci mutum 25 ko 30 nan take, tun da sauran mako guda, domin gayyatar da ta iso ana gobe biki kowa ya san cike gurbi ce.

Bayan sun amsa sai a ba mai girki adadi na ƙarshe a rubuce, kwana biyar kafin taro, tare da faranti na masu hoto da mai gabatarwa da masu tsaron ƙofa da direbobi, waɗanda kusan kullum ake mantawa da su. A tambaye ta tun wajen ciniki ranar ƙarshe da za ta karɓi ƙari ko ragi, da kuma ko za ta iya zuwa da kula ɗaya ta shinkafa ko masa a ajiye a gefe.

Baƙin nesa

Waɗanda za su taso daga Bauchi, mai nisan kimanin kilomita 150, suna iya zuwa ɗaurin aure su juya a ranar, amma idan za su tsaya liyafar dare sai an tanadi makwanci, domin bai dace a bar baƙo ya kama hanya da tsakar dare ba. Na Kano da Jos da Yola da Maiduguri kuwa kwana ya zama dole. Kowane baƙon nesa a tambaye shi ranar isowa, ko da motarsa zai zo ko ta haya ko jirgi zai sauka a filin jirgin saman Gombe da ke Lawanti, su nawa ne maza nawa mata nawa, da ranar komawa. Da wannan ake raba masauki, mata a gidajen dangi da maƙwabta da aka riga aka roƙa, maza a ɗakunan samari ko otal, tsofaffi da marasa lafiya a inda banɗaki ke kusa. Kowane masauki a ba shi mutum guda mai kula da karin kumallo da ruwan wanka. Na Kumo da Deba da Bajoga da Kaltungo galibi mota suka fi buƙata, saboda haka idan za a ɗauki bas a rubuta sunayen masu shiga, kada a dogara da cewa za a matsa a samu wuri.

Katin shiga da ƙofa

Katin shiga ba a raba shi tare da gayyata, sai bayan mutum ya tabbatar da zuwansa, kwana uku ko huɗu kafin taro, kati ɗaya ga kowace kujera, da lamba a jikinsa wadda ta dace da ta cikin jeri. A ƙofa kada a bar masu gadi su kaɗai. A tsayar da mutum ɗaya daga dangin ango, ɗaya daga na amarya, masu sanin fuskoki, riƙe da jerin da aka buga a takarda da 'yan katunan da aka rage, domin goggon da ta manta katinta a gida ba a tsayar da ita a waje tana jiran a kira wani.

Idan rasuwa ko wani uzuri ya sa aka ɗage biki ko aka soke liyafa, wannan jerin ne za a bi a sanar da mutane, a fara da na nesa kafin su kama hanya. Bayan an watse kuma a yi alama a gaban sunan duk wanda ya zo da wanda ya aiko da gudummawa, a bi su da ban gajiya cikin mako guda, manya a je musu har gida, saura a kira su a waya. Littafin a ba uwar biki ta adana, domin da shi za ta san wanda za ta rama wa biki idan nasa ya tashi, kuma shi za a buɗe a ga yawan waɗanda suka zo idan auren ƙanwar amarya ya taso.